Saitin Abuja da Waƙar Mama

Shekarun baya, ƙanina uwa ɗaya uba ɗaya ya tsaya a gaban coci cike da mutane, da makirufo a hannunsa, ya ce rashin karatuna ne ya lalata bidiyon mahaifiyarmu. Shi ne kuwa ya lalata shi, da hannunsa, a cikin shagona, ina waje. Maganar ke nan gaba ɗaya. Mai sauri ya tsaya nan. Mai lokaci ya gyara zama, don sai na bi da ku ta cikin kwamfuta kafin ku gane yadda aka yi.

Ni mai ɗaukar bidiyo ne. Shagona yana Sabon Tasha, ɗaki ɗaya tsakanin tela da mai sayar da ruwan leda. Biki, jana'iza, taron coci, duk ina zuwa. Makaranta a aji uku na sakandare na tsaya, ba don na ƙoshi ba. Na yi shekara tara ina gyaran janareta a unguwar Television kafin in riƙe kyamara. Turancina na karanta abin da ke kan allo ne, ba na tsayawa gaban jama'a ba. Ƙanina shi ne autanmu. Shi ya yi jami'a, ya karanta kwamfuta, yana aiki a wani ofis a Abuja. Tun yana shekararsa ta biyu a jami'a Mama take kiransa Injiniya, mu ma muka bi.

Mutane suna ɗauka aikin bidiyo shi ne riƙe kyamara. Wannan ko rabin aikin bai kai ba. In ka dawo shago sai ka juye abin da ka ɗauka daga memori zuwa kwamfuta, ka yanke, ka jera, ka daidaita sauti. In ka gama, kwamfuta ta ɗauki duk wannan ta matse shi ya zama fayil ɗaya da zai buɗe a talabijin ko a waya. Wannan matsewar muke kira rendarin. A nan ba ka da abin yi sai kallo. Wani layi ne a kan allo yake jan jiki daga hagu zuwa dama, kai kuma kana zaune kana roƙon kada a ɗauke wuta. In aka ɗauke yana dab da ƙarshe, ka koma farko. Injina na lokacin na gwanjo ne, ni na harhaɗa shi da kaina. Bidiyon awa ɗaya yana cin masa awa biyu cif.

Abin da ke yin wannan aikin a ciki ana kiransa furosesa, wani ɗan ƙarfe ne da bai kai akwatin ashana ba. Masu ƙera ta sun ɗaure ta a wani gudu, yadda ake ɗaure janareta kada ya wuce ƙima. Tawa a giga uku da ɗigo biyar aka ɗaure ta, giga shi ne ma'aunin gudun. Amma ana iya kwance ɗaurin. In ka kunna kwamfuta ka danna wani maɓalli kafin ta gama tashi, wani shuɗin shafi zai fito, bayos ake ce masa. A nan za ka ƙara mata gudu, ka ƙara mata ƙarfin wuta kaɗan don ta iya ɗaukar gudun. 'Yan boko suna ce masa obakulokin. Ni da na fito daga janareta, ina gani na ce ai wannan murɗa sukurun kabureta ne kawai aka yi masa dogon suna.

Ba wanda ya koya mini. Na kalli wasu bidiyoyi a waya, rabin Turancin ya wuce ni, sauran na gwada da hannu. Na ware wani tsohon bidiyon biki na awa ɗaya ya zama ma'aunina. In na ƙara gudu da ɗigo ɗaya, sai in yi rendarin ɗinsa sau uku, in duba agogo, in zauna in kalle shi daga farko har ƙarshe. Amaryar nan na ga an sa mata zobe ya fi sau hamsin. Wa'azin faston ranar na haddace shi. Matata ta ce in ta sake shigowa ta tarar da matar nan a kan allo, za ta nemi gidanta ta je su gaisa.

Ga abin da na gano. A huɗu da ɗigo biyu, awa biyun nan ta dawo awa ɗaya da minti arba'in, hoto tsaf. Na ƙara zuwa huɗu da ɗigo huɗu, ya ƙara sauri kaɗan, amma a gwaji na uku sai ga fuskar ango ta farfashe, ta zama ƙananan akwatuna kore da shunayya, na daƙiƙa biyu. Injin bai mutu ba, bai yi ƙorafi ba, ya rubuta wai ya gama lafiya. Ƙarya yake yi. Wannan ya fi ba ni tsoro a kan ya mutu, don inji in ya mutu ka san inda kake.

Da zafi ya shigo kuma, ga rufin kwano a kanmu, na ga wani abu daban. Saitin huɗu da biyun nan da ya yi mini aiki duk damina, yanzu yana tashi da gudu kamar minti goma sha biyar, sai furosesa ta ɗau zafi ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Ƙarshe aikin ya ci sama da awa biyu. Ka ƙara gudu, ka iso a makare. Na sauko zuwa uku da ɗigo tara, ya tsaya a awa ɗaya da minti hamsin, ba tangarɗa. Bayos yana ba ka dama ka ajiye saiti ka yi masa suna, to na ajiye biyu. Ɗaya na sa masa Damina, ɗaya Bazara. Duk wahalar nan a kan minti goma ne zuwa ashirin, amma wanda ya san wutar unguwarmu ya san minti ashirin ba wasa ba ne.

Akwai kuma wurin ƙara wa ram gudu. Ram shi ne inda kwamfuta ke riƙe abu na ɗan lokaci, duk abin da ka juye ta cikinsa yake bi. Shi kam ban taɓa shi ba. Tsoronsa nake ji, ban kuma ji kunyar hakan ba.

To, mu zo kan Mama.

Mahaifiyata ta yi sama da shekara talatin tana ba da waƙa a zumuntar mata ta cocinmu a Romi. Ita ke jan baiti, mata su amsa, da tulu da caki. A shekarar da abin ya faru muryarta ta fara gajiya, gwiwa ma haka, ta ce za ta koma ƙauye ta zauna cikin 'yan uwanta. Matan suka ce ba za ta tafi haka shiru ba. Za a ɗauki waƙoƙi takwas a bidiyo, a nuna ranar sujadar ban kwana. Bakwai da Hausa ne. Ɗaya da yarenmu, ita ta tsara ta shekarar da babanmu ya rasu. Ba ta cikin kowane littafin waƙa, ba a kuma cika rera ta ba, don tana da tsawo, tana hawa sama sosai.

Mun ɗauka wata Asabar cikin Afrilu, a wani fili mai duwatsu da itatuwan mangwaro a bayan Romi. Mata kusan arba'in cikin anko, rana tana duka. Shugabar zumunta ta jawo ni gefe ta ce, "Ɗana, ta nan gefen za ka ɗauke ni. Wancan gefen haƙori biyu sun tafi hutu."

Waƙoƙin Hausan nan kowace sai da muka maimaita ta sau biyu ko uku. Wata ta manta taku, wata wayarta ta yi ƙara a cikin zani. Ta Mama kuwa sau ɗaya muka ɗauka. Mako guda ta yi tana shan ruwan ɗumi da zuma, ba ta ɗaga murya ko a kan jikoki, tana tara ta don ranar. Ta tsaya a gaban wani dutse ta fara, minti goma sha biyu ban motsa kyamara ba. Tun ina yaro nake jin muryar nan, amma ranar daban ce. Da ta gama ba wadda ta yi tafi, mai tulu tana goge ido da bakin ɗankwali.

Mama ta ce, "Ka kama?"

Na ce, "Na kama, Mama."

"To, shi ke nan. Ba ni da ta biyu." Ta ƙara da cewa, "Kada ka sa ta a farko, za a ce na cika son kaina. Kada ka sa ta a ƙarshe, mutane sun gaji. Ka ɓoye ta a tsakiya."

Ƙanina ya zo daga Abuja don ranar, shi ya ɗauko ni da Mama a motarsa. Muka biya shago in sauke kaya. Injina a buɗe yake ta gefe ɗaya, da fankar tebur tana hura masa iska. Yana shiga ya kwashe da dariya.

"Yaya, wannan kwamfuta ce ko akurkin kaji?"

"Akurkin nan ne yake ciyar da 'ya'yan yayanka, Injiniya."

Ya leƙa ciki, ya karanta lambar furosesa. "A nawa take gudu?"

"Uku da tara. Bazara ce."

"Ina ruwan kwamfuta da bazara? Ba gero ba ce fa, Yaya. Wannan tana kai huɗu da bakwai ba wahala, na karanta."

Na ce, "Waɗanda suka rubuta, rufin kwano ne a kansu?"

Muka yi dariya mu biyu. Haka muke tun da, ban ɗauke shi komai ba. Sai Mama ta kira daga mota wai man gwiwarta ya ƙare. Na tsallaka titi zuwa kemis, na tarar da layi, na yi kamar minti ashirin. Da na dawo yana zaune a kujerata yana danna waya, injin a kunne. Na ba Mama maganinta suka tafi.

Na juye memori biyun cikin kwamfuta. Na buɗe kowane fayil, na kalli farkonsa, na ga yana tafiya. Sai na goge memorin, don su biyu ne kawai gare ni, Talata kuma ina da jana'iza. Wannan laifina ne, ba na ɗora shi a kan kowa. Ya kamata in ajiye su har aikin ya fita. Amma shekara nawa ina yin haka ba abin da ya taɓa faruwa, don injina bai taɓa yi mini ƙarya a juyi ba.

Litinin ruwan farko ya sauka, gari ya yi sanyi. Duk makon ina yanka ina jerawa. Sau biyu injin ya mutu ya tashi da kansa, na zagi masu wuta. Fankar cikinsa tana wani irin kuka da ban saba ji ba, na ce datti ne, zan hure in na gama. Ni da nake taƙamar cewa daga ƙofar gida nake gane ciwon janareta da kunne. A wurin yanka hoton ƙarami ne a kusurwar allo, waƙar Mama kuma ba abin yankewa a cikinta, ɗauka na yi na ajiye ta ta biyar, na wuce.

Laraba ƙanina ya kira ni.

"Yaya, yaya injin? Ba ka ga wani canji ba?"

Na ce, "Ruwa ya sauka, ya ji sanyi, yana ta rawar kai."

Ya yi dariya har da tari. "To, madalla. Sai Lahadi, akwai labari."

Juma'a na sa rendarin. Bidiyon awa ɗaya ne da 'yan mintuna, na sa rai da awa biyu ba kaɗan. Na tafi na ci abinci, na tsaya hira da tela, na dawo na tarar ya gama. Awa ɗaya da rabi. Ko saitin Damina bai taɓa ba ni wannan ba. A nan ya kamata gabana ya faɗi. Maimakon haka sai na ce wa tela, ka ga aikin Allah, mata arba'in suna yi wa bidiyon nan addu'a. Na kalli waƙar farko, tsaf. Na tsallaka na kalli ta ƙarshe, tsaf. Na juye a filash na rufe shago, don Asabar ina da biki tun safe. Ni da na kalli amaryar wasu sau hamsin, ban zauna na kalli uwata sau ɗaya ba.

Lahadi bayan sujada ba wanda ya tafi. Mata suka rufe tagogi da zannuwa don a samu duhu, aka haska furojekta a farin bango. Mama tana kujerar gaba kusa da Fasto, ƙanina a gefenta da sabuwar shadda, ni ina baya wurin waya da sifika. Waƙa ta farko, mata suna nuna kansu suna dariya. Ta biyu, ta uku lafiya. A ta huɗu na ga wani ɗan kore ya gilma a kafaɗar wata, ya ɓace. Ba wanda ya lura sai ni. Na san abin nan, na taɓa ganinsa a fuskar ango.

Ta biyar ta fara. Ga Mama a gaban dutse. Ta ja baitin farko, coci ya yi tsit. Ta shiga na biyu, sai fuskarta ta farfashe. Kore da shunayya, baki a gefe, ido a wani gefe. Muryar ta kama maimaita harafi ɗaya kamar akuya ta maƙale a shinge. Ya dawo daidai na daƙiƙa uku, ya sake fashewa, sannan hoton ya tsaya cak da bakinta a buɗe, faɗin bango. Yara suka fara dariya, iyaye suna make su. Na tsallaka gaba, haka. Na ƙara tsallakawa, haka. Na kashe.

Kafin in taso daga baya, ƙanina ya riga ya karɓi makirufo daga hannun Fasto. Da Turanci ya fara, sannan ya juya da Hausa don kowa ya ji.

"Iyayena mata, a madadin iyalinmu ina ba ku haƙuri. Yayana ya yi iya ƙoƙarinsa, ku tafa masa. Amma irin wannan aikin yanzu ya wuce a koya a bakin titi, yana buƙatar wanda ya yi karatunsa. Laifina ne da ban kawo ƙwararru daga Abuja ba."

Suka kuwa tafa mini. Da zagina aka yi da ya fi mini sauƙi. Na tsaya riƙe da waya a hannu, matata tana kallon ƙasa. Shugabar zumunta ta zo ta dafa ni ta ce, "Ba komai, ɗana, kowa da inda Allah ya tsayar da shi." Da kyakkyawar zuciya ta faɗa. Mama ba ta juyo ba ko sau ɗaya. A lokacin ni ma na yarda laifina ne, don ban san komai ba. Har godiya na yi wa ƙanina a bakin mota da ya rufa mini asiri. Wannan godiyar har yau in na tuna ta sai in ji ɗaci a bakina.

Litinin da safe na buɗe shago, na kunna injin, na shiga bayos in ga ko wani abu ya ƙone. Gudu: huɗu da ɗigo bakwai. Ƙarfin wuta an ɗaga shi inda ban taɓa kaiwa ba. Ram ma an ƙara masa gudu. Na buɗe wurin ajiye saiti. Damina. Bazara. A ƙasansu akwai na uku, an rubuta masa suna da manyan baƙaƙe: ABUJA.

Na sake karanta sunan. Sai komai ya jeru. Da zafi ne, da furosesa ta rage gudu da kanta, aikin ya yi nawa, in shiga in duba. Ruwan da ya sauka ne ya ba ta sanyin da za ta yi ta gudu tana kuskure. Labarin da ƙanina ya ce akwai ranar Lahadi kuwa, so ya yi bayan an gama tafi ya ce mini, ka ga abin da karatu ya yi wa akurkinka.

Na mayar da Bazara, na sake rendarin. Awa ɗaya da minti hamsin da biyar. Na zauna na kalla duka. Waƙoƙi bakwai sun fito, inda ya ɗan lalace na rufe da wani ɗaukan, tunda sau biyu sau uku muka yi su. Ta Mama kuwa tana nan a farfashe. Na buɗe asalin fayil ɗin da na juye ranar Asabar, shi ma haka. Tun a wurin juyi ram ya ɓata shi, minti ɗaya da rabi na farko ne kawai lafiya. Memorin da ke da na ƙwarai kuma na goge, na ɗauki jana'iza da biki a kansa. Na kai wa wani abokina da ya iya dawo da abin da aka goge, ya yini a kai, ya samo mini hotunan gawa da na amarya.

Talata na je Romi da kyamara. Mama tana ɗaure kaya, gobe za ta tafi. Na gaya mata komai, har sunan saitin. Ta zauna a bakin gado ta saurara, ba ta katse ni ba.

Na ce, "Mama, ki sake yi mini. Ko a zaune, ko ba mata, ni zan san yadda zan yi."

Ta sha ruwa, ta gyara murya, ta fara. Baitin farko ya fita. A na biyu, inda take hawa, muryar ta tsage. Ta sake gwadawa, ta tsage a wuri ɗaya. Ta ɗaga mini hannu.

"Kashe. Wannan kada ka ajiye shi. Na gaya maka ba ni da ta biyu."

Na kashe. Na ce Lahadi zan tashi a coci in faɗi abin da ya faru.

Ta ce, "Ka tashi ka ce me? Ka ce ƙaninka maƙaryaci ne, a cocin da aka yi muku baftisma ku biyu? Ni in tafi ƙauye in bar ku a bakin mutane?"

"To ni da nake bakin mutane yanzu fa?"

"Kai babba ne. Kai za ka iya ɗauka. Shi ba zai iya ba."

Tun ina shekara goma sha biyar nake jin wannan maganar. Na ce to. Na ɗaure mata buhun kaya, na tafi.

Na raba wa matan bidiyon waƙa bakwai, suka karɓa suka gode. Ba wadda ta tambaye ni yadda aka yi ya gyaru. Bikin 'yar shugabar zumunta ya zo bayan wata uku, wasu aka kira daga cikin gari. Ni aka gayyace ni cin shinkafa. Na je na ci. Aikin coci ya yi shekara biyu kafin ya fara dawowa, ya kuma dawo, ba na kuka da wannan.

Yau in wani ya tambaye ni ko obakulokin yana ƙara saurin rendarin, ina ce masa yana ƙarawa. Minti ashirin a awa biyu, in ka san injinka, ka san ɗakinka, ka san watan da kake ciki. Lambar da ka karanta ta wani ce, a ɗakin wani. In inji ya gama da wuri fiye da yadda ya saba, kada ka gode wa Allah tukuna, ka fara shiga ka duba. Memori ba na gogewa sai mai aiki ya kalli aikinsa ya ce ya yi. Bayos ɗina kuma yanzu da makulli, ko matata ba ta san lambar ba. Mama tana ƙauye da ranta da lafiyarta, tana kiwon kaji tana faɗa da jikoki. Waƙar ce dai ba ta ƙara yi ba. Minti ɗaya da rabin nan yana cikin wayata, ba na yawan kunnawa.

Ni da ƙanina muna gaisawa. 'Ya'yana suna zuwa hutu gidansa. Sau ɗaya muka yi maganar, abin da na nema a wurinsa kuma bai yi ba har yau, na daina jira.

Kirsimetin shekarar da abin ya faru ne. Zai wuce ƙauye, ya tsaya a shagona da rana, ya shigo da kwali a hannu. Sabuwar laftof, ko ledar ba a cire ba. Ya ajiye a kan tebur.

"Yaya, ga wannan. Ka huta da akurkin nan."

Ban taɓa kwalin ba. Na kashe injin na sake kunnawa, na shiga bayos, na juya masa allon. Ban goge saitin nasa ba, yana nan a ƙasan nawa. Ya kalla, ya kalli ƙofa, ya zauna a kan benci.

"Taimakonka na so in yi," in ji shi. "Na ga kana ɓata lokaci."

"Na sani. Lokacin da ka karɓi makirufo, ka san kai ne?"

Keken tela yana ta ƙara a maƙwabta.

"Na yi zato," ya ce. "Ban tabbata ba. Kowa yana kallonmu, Yaya. Dole wani ya yi magana."

Na tura masa kwalin gabansa, na ce, "Injiniya, taɓa injin da ka yi na yafe, ni ma na ɓata abubuwa kafin in iya. Waƙar Mama rabin laifin nawa ne, ni na goge memori, ni na ƙi zama in kalla. Amma lokacin da fuskarta ta farfashe a bangon nan, duk cocin kai kaɗai ka san inda za a duba. Ka tashi ka nemi wanda mutane za su fi saurin yarda shi ne, ka ga ni. Ba a shago ka yi mini ba, don haka ba a shago za ka gyara ba. Ɗauki kayanka. Ranar da ka shirya sake riƙe makirufon nan a Romi, ka kira ni. Zan zo da kyamara in ɗauke ka, zai kuma fito tsaf."